Maƙalar Mako: In biri ya yi kama da mutum, me ya halatta gana masa azaba?

Maƙalar wannan makon za ta sosa ran wasu, musamman ɗalibanmu na kimiyya da malamansu, kuma da sanina na rubuta ta.

Akwai wani gwaji da ake yi a ɗakunan binciken jami'o'i, har da namu na Zariya da Kano da Sakkwato. Ana samun doguwar kwalbar gilashi mai faɗin baki, a zuba mata ruwa daidai yadda ƙafar ɓera ba za ta taɓa ƙasa ba, bakinta kuma ya yi masa nisan da ba zai iya haurawa ba. Sai a ɗauko farin ɓera, irin wanda ake kiwo musamman don bincike, a tsoma shi ciki, a danna agogo. Minti 6 ake ba shi. Da farko zai yi ta fafutuka, yana iyo, yana yakushin gilashi yana zamewa. Can sai ya daina, ya tsaya a saman ruwa, ɗan motsin da zai hana hancinsa nutsewa kaɗai yake yi. Ɗalibi na tsaye da biro yana ƙirga sakan nawa ɓeran ya yi bai motsa ba, kuma wannan lissafi shi ake rubutawa a matsayin ma'aunin yanke ƙauna. In an ɗura wa ɓera sinadarin da aka tatso daga ɓawon kuka ko wani tsiro, aka ga ya fi daɗewa yana fafutuka, sai a rubuta cewa tsiron yana da alamar maganin ciwon damuwa. Gwajin yana da ƙane: a manna wutsiyar ɓera da salatif, a rataye shi kansa a ƙasa, shi ma a jira lokacin da zai gaji ya saki jiki.

Wani mai bincike a Faransa, Roger Porsolt, shi ya fito da gwajin ruwan a 1977. Yau kusan shekara 50 ke nan, kuma duk wanda ya shiga intanet ya nemi rahotannin binciken tsirrai daga Najeriya zai iske shi birjik. Abin da nake cewa a taƙaice shi ne, wannan gwaji da ire-irensa zalunci ne da ba shi da hujjar da ta kai nauyinsa, kuma muna yin sa ne don mun tarar ana yi.

Wanda yake gwada maganin zazzaɓin cizon sauro a jikin ɓera yana iya cewa shi jini da hanta yake dubawa, babu ruwansa da abin da ke ran dabbar. Mai binciken halayya ba shi da wannan mafaka. Shi abin da ya fito nema shi ne tsoro da kaɗaici da baƙin ciki, kuma kafin ya auna su sai ya fara haddasa su da hannunsa. To a nan nake son a ba ni amsa. In ya ce ɓera da biri suna jin tsoro da baƙin ciki irin namu, shi ya sa gwajin yake koya mana wani abu game da ɗan'adam, to ya amsa da bakinsa cewa halittar da ke jin azaba kamar yadda muke ji yake azabtarwa. In kuwa ya ce a'a, dabba ce kawai, ba ta san abin da ake kira baƙin ciki ba, to me ya kai shi auna damuwar mutumin Kibiya a cikin kwalbar ɓera? Taura biyu ba ta taunuwa. Shekara da shekaru masu wannan sana'a suna riƙe da maganganun nan biyu tare, ɗaya suna faɗa wa mai ba da kuɗin bincike, ɗaya suna faɗa wa zuciyarsu.

Bari mu je inda abin ya samo asali, don mu ga irin gadon da muka ɗauko.

A jami'ar Wisconsin ta Amurka an yi wani shahararren masanin halayya mai suna Harry Harlow. Tun daga shekarun 1950 ya riƙa raba jariran birai da iyayensu mata 'yan sa'o'i bayan haihuwa. Sai ya ƙera musu uwa biyu ta bogi. Ɗaya da waya aka yi ta, amma an maƙala mata bulumbotin madara. Ɗayar an lulluɓe ta da tawul mai laushi, ba ta da ko ɗigon madara. Jariran suka riƙa zuwa wajen ta waya su sha su gudu, su koma su ƙanƙame ta tawul kusan yini guda, kuma in aka tsorata su wajenta suke rugawa. A 1958 ya gabatar da sakamakon a gaban taron ƙungiyar masana halayya ta Amurka, wadda shi ne shugabanta a lokacin: jariri yana buƙatar ɗumin jikin uwa, ciko ciki kaɗai bai isa ba.

Da a nan ya tsaya, da sauƙi. Bai tsaya ba. Ya killace wasu jariran su kaɗai, ba su ganin biri ba su ganin mutum, wasu wata 3, wasu wata 6, wasu har shekara. Da aka fito da su sai aka ga sun lalace: suna duƙufewa a kusurwa, suna rungume kansu suna jijjiga, wasu suna cizon jikinsu. Matan cikinsu da suka girma aka sa suka yi ciki suka haihu, da yawa suka yi watsi da 'ya'yansu, wasu suka raunata su, har akwai waɗanda suka kashe. Daga baya ya ƙera wani akwatin ƙarfe mai siffar mazurari, sama da faɗi ƙasa a tsuke, gefensa da santsi, ya riƙa jefa ƙananan birai ciki na tsawon makonni. Kwana ɗaya biyu suna ƙoƙarin haurowa, daga nan su dunƙule a ƙasa. Shi da kansa ya raɗa wa akwatin suna ramin yanke ƙauna.

Don Allah jama'a, wace kaka ce a Rurum ko Tarai ba ta san cewa jaririn da aka raba da uwarsa yana ƙwarzaba ba? Me ya sa in mace ta rasu wajen haihuwa dangi suke rige-rigen nemo wadda za ta goya jaririn a bayanta, ba wadda za ta ɗura masa madara kawai ta ajiye ba? Ko a ilimin boko ma, Harlow ba shi ne farau ba. René Spitz ya rubuta abin da ya gani a gidajen renon marayu tun 1945, John Bowlby kuma ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 a kan illar raba yaro da kulawar uwa, kuma dukansu daga yara 'yan'adam da suka riga suka shiga wannan hali suka koya. Magoya bayan Harlow suna cewa aikinsa ya taimaka wajen sauya tunanin likitocin Yamma, waɗanda a lokacin wasunsu ke hana iyaye ziyartar 'ya'yansu a asibiti. Na yarda gwajin uwar tawul ya yi wannan tasiri. Amma ramin yanke ƙauna fa, wane asibiti ya gyara?

A cikin Sunan Abi Dawud akwai labarin sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu a wata tafiya, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu. Da Manzon Allah (SAW) ya ga haka sai ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya ba da umarni a mayar mata da 'ya'yanta. Ba yanka ta aka yi ba, ba a ji mata ciwo a jiki ba. Tashin hankalinta kaɗai aka duba, kuma ya isa ya zama dalili. Duk mai cewa tausayin dabba ra'ayin Turawa ne da aka shigo mana da shi, ya fara wucewa ta kan wannan hadisi tukuna.

Bayan birai sai karnuka. A 1967, a jami'ar Pennsylvania, Martin Seligman da Steven Maier suka riƙa ɗaure karnuka suna jona musu lantarki. Wasu an ba su hanyar tsayar da wutar, wasu kuwa duk abin da suka yi ba ta tsayawa. Washegari aka saka su a akwatin da ke da ɗan gajeren shinge, wanda tsallake ɗaya ya isa kare ya tsira. Waɗanda suka saba da azabar da ba ta da mafita, yawancinsu ba su ko gwada ba, sai suka kwanta suna kuka wuta na cinsu. Aka ce an gano cewa halitta tana koyon miƙa wuya, aka gina bayanin ciwon damuwa a kan haka. Abu biyu suka biyo baya. A 2016 mutanen nan biyu da kansu suka fitar da rubutu cewa fassarar farko a juye take: sandarewa a gaban doguwar azaba ita ce ɗabi'ar asali, abin da ake koya shi ne cewa akwai mafita. Na biyun ya fi muni. Rahoton Majalisar Dattawan Amurka na Disambar 2014 ya nuna cewa masana halayya biyu da hukumar leƙen asiri ta CIA ta ɗauka haya sun jingina da wannan ka'ida wajen tsara azabtar da fursunoni bayan harin 2001, kuma kamfaninsu ya karɓi dala miliyan 81. Seligman ya yi tir da abin, ya ce ba da shi aka yi ba, kuma ban ɗora masa laifin ba. Sai dai dabarar karya zuciyar mai rai, da zarar an ƙware a kanta an rubuta ta a littafi, ba ta tambayar ko ƙafa huɗu gare ka ko biyu.

Wani gwajin kuma, duk lokacin da na tuna shi sai kunya ta kama ni a madadin 'yan'adam. A 1964 a Chicago, Jules Masserman da abokan aikinsa suka koya wa birai jan sarƙa don abinci ya faɗo. Sai suka haɗa sarƙar da lantarki, ta yadda in biri ya ja, ɗan'uwansa da yake gani ta gilashi wuta za ta fizge shi. Yawancin biran suka gwammace su rage cin abinci. Ɗaya ya yi kwana 5 bai ja ba, wani kwana 12. A ɗakin nan akwai mai ƙin cutar da ɗan'uwansa ko da yunwa za ta kashe shi, akwai kuma mai riƙe da makunnin wuta yana rubuta sakamako. A 2011 ma, a jami'ar Chicago, an ga ɓera yana koyon buɗe ƙofa don ya fito da abokin zamansa da aka kulle, har yakan rage masa cakulan. Kowane irin wannan sakamako ƙarin shaida ne a kan masu gwajin kansu.

Na san amsoshin da ke tafe, bari in tare su tun kafin su iso.

Wani zai ce: Malam, ɓera fa kake karewa. Wanda ke huda buhu, ya shiga rumbu ya ɓarnatar da dawar shekara, wanda wani nau'insa ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda shari'a ta lissafa cikin fasiƙan dabbobin da ake kashewa ko da mutum yana cikin harami. Duk gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya zubar da tarkonsa ba. Amma izinin kisa daban, izinin azabtarwa daban. Duk wanda ya yi Islamiyya ya haddace hadisi na 17 a cikin Arba'una, wanda ya wajabta kyautatawa hatta wajen kisa da yanka, a wasa wuƙa, a hutar da dabba. Tsaka ma da aka ce a kashe, ladan wanda ya gama da ita a bugun farko ya fi yawa. Matar da aka ba mu labarin ta shiga wuta saboda kyanwa, kulle ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Kullewa da hana mafita, wato ainihin abin da aka gina gwaje-gwajen da na lissafa a kai. Sannan farin ɓeran ɗakin bincike bai taɓa ganin rumbun kowa ba. A keji aka haife shi, don wannan aiki aka haife shi.

Amsa ta biyu ta fi nauyi, kuma mutanen Kano sun fi kowa haƙƙin yin ta: in ba a gwada a kan dabba ba, a kanmu za a gwada. Ba mu manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya amince da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jiha. Raunin da wannan ya bari yana cikin abin da ya sa mutane suka ƙi rigakafin shan inna a 2003. Saboda haka ni ban ce a daina gwada lafiyar magani a kan dabba kafin a ba mutum ba. Maganin sikila na Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa daga tsirrai irin su karan dafi da kanumfari da masoro, sai da ya bi ta wannan mataki, kuma haka ya kamata. Amma a lura da kyau: Trovan ma ya bi ta jikin dabbobi kafin ya iso Kano. Abin da yaranmu suka rasa shi ne mai tsaya musu. Iyaye sun ce ba a yi musu cikakken bayani ba, takardar amincewar kwamitin ɗa'a kuma daga baya aka gano bayan an gama gwajin aka rubuta ta. Ɗabi'ar da ke cewa wannan ba ya iya magana, a yi abin da za a yi, a cike takarda daga baya, ita ce ɗabi'ar da ake koya wa ɗalibi ranar da aka miƙa masa ɓera ba tare da an tambaye shi dalili ba. Labarin Pfizer hujjata ce, ba tasu ba.

Akwai misali ɗaya da nake ganin ya fi ƙarfi a hannun masu ja da ni, kuma zan kawo musu shi da kaina. Edward Taub ya riƙa yanke jijiyoyin ji na hannun birai, sannan ya tilasta musu amfani da hannun da ya mutu. A 1981 'yan sanda suka shiga ɗakin bincikensa a Silver Spring ta jihar Maryland, suka kwashe birai 17 cikin mummunan hali. An same shi da laifi, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, kuma rigimar tana cikin abin da ya sa Amurka ta gyara dokarta a 1985 ta wajabta kwamitocin sa ido. Daga wannan aiki ne aka samu hanyar gashi da ake yi wa masu shanyewar ɓarin jiki, inda ake ɗaure hannu mai lafiya don a tilasta wa mai ciwon ya farfaɗo. Mutane sun amfana da gaske. To amma ko a nan, ƙazantar keji da raunukan da aka bari ba magani ba su ƙara wa ilimin komai ba. Kuma in za a kafa hujja da Taub, sai a nuna mana abin da gwajin kwalba ya haifar da ya yi kama da wannan.

A nan ne maganar ta fi yi mini ciwo, domin gwajin ko a ma'aunin kimiyya ya raunana. Masana a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan sun yi bayani a 2015 cewa ɓeran da ya daina fafutuka ba lallai ne ya yanke ƙauna ba, mai yiwuwa ya gane babu mafita ne ya koma tattalin ƙarfinsa. Duk yaron da ya koyi iyo a Tiga ya san wanda ya kwanta a saman ruwa ya fi mai bugun ruwa daɗewa. Wato mai yiwuwa wayo muke aunawa muna kiransa ciwo. Magungunan damuwa a jikin mutum sai sun yi makonni kafin su fara aiki, a kwalba kuwa cikin sa'a guda ake ganin canji. Abubuwan da ke sa kuzari kawai, irin sinadarin da ke cikin goro da gahawa, su ma suna iya sa ɓera ya ƙara motsi, alhali ba maganin damuwa ba ne. Manyan kamfanonin magani irin su Johnson & Johnson da Bayer sun sanar da daina amfani da shi. A 2024 gwamnatin Birtaniya ta ce ba za ta ƙara ba da lasisin amfani da shi a matsayin misalin ciwon damuwa ba, jihar New South Wales ta Ostareliya kuma ta kafa dokar hana shi a shekarar. Masu kayan suna kwashe kayansu daga kasuwa, mu kuma yanzu muke baza namu. Gwanjo ne, har a ɗakin bincike.

Me ya sa muke riƙe da shi? Don yana da araha. Kwalba, ruwa, agogon waya, shi ke nan. Cikin mako guda an samu lambobin da za a zana jadawali, a haɗa kundi, a kare shi a gaban malamai, a karɓi shaida. Kuɗin sayen ɓerayen da abincinsu kuwa sau da yawa daga gida yake fitowa. Wani uba a Rano ya ɗaga buhun masara ko ya ja akuya zuwa kasuwa, don ɗansa ya bugo waya ya ce aikin kammala karatu ya taso. In an gama, akasari kashe ɓerayen ake yi. Kundin ya hau kanta ya sha ƙura, in an yi rashin sa'a ɓerayen sito su ci rabonsu a ciki, wanda wataƙila shi ne kaɗai adalcin da ke cikin lamarin. Shekara mai zuwa wani ɗalibin ya ɗauko wani ganyen, a sake sabon zagaye.

Ban ce babu masu ƙoƙari ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana da kwamitin da ke duba amfani da dabbobi wajen bincike, kuma akwai malaman da ke ɗaukar abin da gaske. Amma a matakin ƙasa, dubi darajar da doka ta ba lamarin: a kundin laifuffukan da ke aiki a kudancin Najeriya, tarar zaluntar dabba naira 50 ce, ko ɗaurin wata 6. Naira 50, kuɗin da yau ko ƙullin gishiri sai an yi ciniki.

Sai masu cewa mutane na mutuwa kana maganar ɓera. To mu yi maganar mutanen. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Mutumin Kibiya da ɗansa ya samu taɓin hankali, in yana da hali ya ɗauki mota zuwa Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano, in ba shi da hali ya nemi mari. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, aka kuma sake samun irinsa a Daura da wasu garuruwan. Ramin yanke ƙauna ba sai mun ƙera ba, muna da shi, kuma 'ya'yanmu ne a ciki. Yaron da aka raba da uwarsa yana shekara 6 aka kai shi wani gari da ƙoƙo a hannu, ba sai an nemo birin Harlow ba kafin a tambayi abin da ke damunsa da dare. Yana da baki, Hausa yake ji, ba a dai tambaye shi ba ne. Matar da ta haihu ta daina magana ta daina cin abinci, aka ce iska ce, ita ma haka. Matasan da suka faɗa shan kodin, har gwamnati ta hana maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018 bayan rahoton BBC da aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano, su ma suna nan a bakin kasuwa. Ɗalibin da ya zauna da irin waɗannan mutane, da yardarsu, da sirrinsu a rufe, ya rubuta abin da ya ji cikin tsari, ya fi kusa da ilimin halayyar ɗan'adam fiye da mai ƙirga sakan a bakin kwalba. Aikinsa ya fi wuya, shi ya sa ake gudunsa.

Kada kuma mu da ba mu shiga ɗakin bincike ba mu ɗauka mun tsira. Mai wasa da biri da ke zuwa ranar kasuwa, da me ya koya wa birin nan sara da tsalle in ba bulala da yunwa ba? Mu ne muke kewaye shi muna dariya muna jefa kuɗi. Jakin da aka yi wa lodin yashi har ƙafafunsa na rawa, ga gyambo a baya, mu ne muke wucewa. Sai da fatarsa ta yi tsada a kasuwar Sin aka fara yanka shi babu ƙaƙƙautawa, har Tarayyar Afirka ta hana cinikin a Fabrairun 2024, sannan muka tuna yana da daraja. Ɗalibin da ya tsoma ɓera a ruwa bai ji komai ba, a cikinmu ya girma.

Ana iya sanin halayyar dabba, har a ci moriyarta, ba tare da azaba ba. A Morogoro ta Tanzaniya akwai ƙungiyar APOPO da ke horar da 'yar'uwar gafiyarmu, da ayaba da gyaɗa a matsayin lada, ta riƙa sansano nakiyoyin da aka binne, da kuma tarin fuka a cikin majinar marasa lafiya. Ɗaya daga cikinsu mai suna Magawa ya gano nakiyoyi 71 da wasu abubuwan fashewa 38 a Kambodiya, aka ba shi lambar zinare a 2020, ya yi ritaya, ya mutu da tsufansa a Janairun 2022. Ka'idar da aka horar da shi da ita daga ilimin halayya ta fito, wannan fannin dai da ya haifi Harlow. Mu gafiya in mun gan ta sai sanda.

Tun 1959 wasu masana biyu a Ingila, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa ƙa'idar da duniya ke bi yanzu: in akwai wata hanya, kar a taɓa dabba, in babu, a yi amfani da mafi ƙarancin adadi, waɗanda aka taɓa kuma a rage musu wahala iyakar iko. Duk ɗan makarantar allo zai gane wannan, don ita ce maganar malamanmu cewa larura ana auna ta da gwargwadonta. Samun shaidar kammala karatu ba larura ba ce da za ta halatta tsoratar da mai rai da nutsewa.

Saboda haka ina kira ga ƙannenmu da ke jami'a da kwalejoji, 'yan Rano da Kibiya da Bunkure da ke cikin wannan zaure. In an ba ka aikin da ya ƙunshi dabba, ka tambayi malaminka cikin ladabi: ina takardar amincewar kwamiti, kuma kafin a fara aka same ta ko bayan an gama? Da wane lissafi aka tsayar da adadin ɓerayen? Sakamakon in ya fito, wa zai ɗora a kai? In aikin gwajin kwalba ne ko rataya, ka nemi a sauya maka, ka kai masa labarin abin da Birtaniya ta yanke. Malamin kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba. Iyaye kuma da ake bugo wa waya a ce a turo kuɗin ɓera, kuna da haƙƙin ku ce a yi muku bayanin abin da za a yi da su.

Wanda ya taɓa riƙe agogon nan, ɗalibi ne ko malami, shi na fi so ya fara magana a ƙarƙashin wannan rubutu. Ya gaya mana ɓera nawa ya tsoma a ruwa, da inda kundin yake yanzu.